Kokawar Fayafayai Biyu: Tarihin HD DVD da Blu-ray, da Batun Kyan Hoto

 Kamar yadda muka saba, mun tattaro abin da aka faɗa a filinmu na tarihin ƙere-ƙere, domin wanda shirin ya wuce shi, da wanda ya ji amma yake son ya riƙe shekaru da lambobi. Batunmu shi ne wata kokawa da aka yi tsakanin fayafayan fim iri biyu, HD DVD da Blu-ray, daga watan Maris na 2006 zuwa Fabrairun 2008. Ba ta cika shekara biyu ba, amma ta cinye dukiya mai yawa, ta kuma bar na'urori kimanin miliyan ɗaya a gidajen mutane, waɗanda aka daina buga musu faifai. Kowane ɓangare da kyan hoto ya yi tallarsa. To, shin kyan hoton ne ya raba gardamar? Kuma shi kyan hoton, daga ina yake fitowa tun asali?

Lissafin ɗigo

Kafin mu shiga fili, bari mu fahimci abin da ake faɗa a kansa. Duk hoton da ke fitowa a gilashin talabijin ko na salula, ƙananan ɗigo ne aka jera layi bisa layi. Ku ɗauki aikin hula. Idan mai ɗinki ya sa siririn zare kuma ya matse ɗinkin, zanen yakan fito tas. Idan kuwa zaren kauri gare shi, daga nesa za ka gane zanen, amma da ka matso sai ya rikice maka. Haka hoto yake.

Faifan VCD, wanda ya fito a 1993 kuma muka fi saninsa da sidi, yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, jimla 101,376. Minti saba'in da ɗan wani abu yake ɗauka, shi ya sa fim ɗaya ke zuwa a faifai biyu, na Indiya ma har uku. DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, ya shiga Amurka a 1997. A ƙasashe irin namu, inda talabijin ke aiki da tsarin layi 625, hoton DVD ɗigo 720 ne sau 576, wato 414,720. Shi kuwa hoton da ake kira HD, cikakkensa ɗigo 1920 ne sau 1080, wato 2,073,600. Ninkin DVD biyar ke nan cif, ninkin sidi kuma sama da ashirin.

Matsalar ita ce wurin ajiya. Fim na awa biyu mai wannan yawan ɗigo, idan aka bar shi yadda yake, ya haura gigabait 500. DVD kuwa gigabait 4.7 yake ɗauka idan hawa ɗaya ne, 8.5 idan hawa biyu ne. Saboda haka sai an yi abu biyu: a samo faifai mai ciki babba, kuma a samo dabarar matse fim ya ƙanƙance ba tare da ido ya lura an rage wani abu ba. Ku riƙe waɗannan biyun, don dukkan labarin a kansu yake juyawa.

Japan ta riga kowa

HD DVD da Blu-ray ba su ne na farko ba. Gidan talabijin na ƙasar Japan, NHK, ya fara binciken hoto mai yawan layi tun shekarun 1960, ya fito da tsarin da ya kira Hi-Vision mai layi 1125, ya kuma fara gwajin watsa shi ta tauraron ɗan'adam a 1989. Kafin tsakiyar shekarun 1990 har an fara sayar da finafinan Hi-Vision a kan wani faifai mai faɗin santimita 30, kamar faifan garmaho. Kowane gefe awa ɗaya yake ɗauka, sai a juya. Na'urarsa da talabijinsa tsada gare su ta fitar hankali, don haka bai fita daga gidajen masu hali na Japan ba. A 2002 kamfanin JVC ya gwada ta hanyar kaset a Amurka, da wani tsari mai suna D-Theater. Waɗanda suka gani sun yaba hoton, amma mutanen da suka ɗanɗani DVD ba su yarda su koma wa kaset mai mayarwa baya ba. Cikin shekaru kaɗan ya mutu.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne hasken leza mai launin shuɗi. Kun san cikin kowace na'urar faifai akwai ido da ke harba siririn haske yana karanta ƙananan ramuka da aka jera a jikin faifan. Sidi yana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 780, DVD da jan haske mai 650. Idan zangon ya gajarta, bakin hasken yakan ƙara siranta. Almajiri ya san wannan lissafi: allo ɗaya ne, amma alƙalami mai fiƙaƙƙen baki ya fi mai dakusasshe cin layuka. Wani injiniya mai suna Shuji Nakamura, a wani kamfani da ake kira Nichia a yankin Tokushima na Japan, shi ya fito da ƙwan fitila shuɗi mai haske a 1993, bayan ƴan shekaru kuma ya kai ga leza. A 2014 aka ba shi kyautar Nobel tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano saboda wannan shuɗin ƙwai. Hasken da fayafayan nan biyu suka yi aiki da shi nanomita 405 ne, iri ɗaya sak.

Inda aka raba gari

Tunda haske ɗaya ne, me ya kawo faifai biyu? Kuɗin lasisi. Duk kamfanin da aka ɗauki fasaharsa, yakan samu wani kaso a kan kowace na'ura da kowane faifai da aka buga a duniya. Sony da Philips sun ci wannan riba a zamanin sidi, Toshiba kuma tana cikin manyan da suka ci ta a zamanin DVD. Ita Sony tana da tsohon miki, domin kaset ɗinta na Betamax, wanda ta fitar a 1975, ya sha kaye a hannun VHS. A 1995 ma an kusa yin irin wannan faɗa kan DVD, sai kamfanonin kwamfuta suka matsa lamba aka sasanta. Wannan karon an zauna teburi a 2005, aka tashi baram-baram.

A watan Fabrairun 2002 kamfanoni tara, cikinsu da Sony da Panasonic da Philips da Pioneer da Samsung da LG, suka sanar da Blu-ray. Toshiba da NEC suka fito da nasu a cikin wannan shekara, a ƙarshen 2003 kuma ƙungiyar da ke kula da DVD ta amince da shi da sunan HD DVD. Daga baya Microsoft da Intel suka mara masa baya.

Bambancinsu a ginin faifan yake. HD DVD ya bar rubutun a tsakiyar faifai, a ƙarƙashin roba mai kaurin milimita 0.6, daidai da DVD. Amfanin haka shi ne masana'antar da ke buga DVD za ta iya buga shi da ɗan gyara kaɗan, don haka ya fi araha. Amma gigabait 15 yake ɗauka a hawa ɗaya, 30 a hawa biyu. Blu-ray kuwa ya matso da rubutun kusa da fatar faifai, milimita 0.1 kawai, don idon na'ura ya karanta ramuka mafi ƙanƙanta. Ya samu gigabait 25 a hawa ɗaya, 50 a hawa biyu. Sai dai ya buƙaci sababbin injinan bugawa, kuma ɗan ƙarce kaɗan zai iya lalata shi. Na farkon da Sony ta sayar a Japan a 2003 a cikin gida na roba suke zuwa, sai da aka samo wani shafi mai tauri kafin aka iya fitar da faifan tsirara. A takarda dai Blu-ray ya fi girma. Amma Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shekarar 2006: gani ya kori ji

Toshiba ce ta fara fitowa. Ran 31 ga Maris na 2006 ta fara sayar da na'urarta a Japan, a tsakiyar Afrilu kuma a Amurka. Ƙaramar, HD-A1, dala 499 aka sa mata. Mutanen Nijar ku lura, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A canjin wancan lokaci ta haura jaka 250 na sefa, a naira kuma ta haura dubu 60. Na'urar tana da nauyi, domin a gaskiya kwamfuta ce aka sa mata rigar bidiyo, kuma idan ka kunna sai ka jira kusan minti guda kafin ta farka. Amma da finafinan farko suka fito, irin su The Last Samurai da Serenity, masu sharhi sun yaba hoton ƙwarai.

Blu-ray ya biyo baya a watan Yuni, da na'urar Samsung mai lamba BD-P1000 a kan dala 999, ninki biyu ke nan. Jama'a suka sa ran ganin abin da ya fi. Sai ga shi hoton da yawa daga fayafayan farko bai kai na abokin hamayya ba. Wanda aka fi yi wa tsiya shi ne The Fifth Element: hoton ya yi laushi, ga datti da tabo a jikinsa. Dalilan da suka jawo haka sun cancanci mu tsaya a kansu.

Na farko, girman da aka yi talla da shi bai iso ba tukuna. Masana'antu sun sha wahalar buga faifai mai hawa biyu, don haka fayafayan farko duk masu gigabait 25 ne. Na farko mai 50, wani fim mai suna Click, sai a watan Oktoba ya fito. Su kuwa masu HD DVD tun ranar farko suna buga mai hawa biyu, gigabait 30. Ashe a waɗannan watanni ƙaramin faifan ne ya fi babban ciki.

Na biyu, dabarar matsewa. Dukkan tsarin biyu suna karanta dabaru uku: MPEG-2, tsohuwar da DVD ke aiki da ita, sai sababbi biyu, VC-1 ta Microsoft da AVC. Yadda matsewa ke aiki shi ne, a fim ana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma yawancin abin da ke cikin wannan hoto yana cikin na gaba. Idan mutum yana magana a gaban katanga, ba sai an sake ajiye katangar sau 24 ba, sai a ajiye ta sau ɗaya a riƙa rubuta abin da ya motsa. Sababbin dabarun sun fi iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Sony ta fara da tsohuwar, masu HD DVD kuwa galibi da VC-1. Idan wuri ya yi wa MPEG-2 kaɗan, sai ka ga hoto ya farfashe gida-gida, musamman a wurin gudu, hayaƙi, ruwa ko duhu. Ƙari a kan haka, Sony ta sa sauti wanda ba a matse ba, shi kaɗai yana cin kusan gigabait 4 a fim na awa biyu, daga cikin 25 ɗin da ake fama da su.

Na uku, asalin da aka kwafo. Kafin fim ya hau faifai, sai an ɗauko zaren fim na sinima an karanta shi hoto bayan hoto zuwa kwamfuta. Idan zaren da aka ɗauko ya tsufa ko ya yi datti, ko na'urar karantawar ta da ce, to sabon faifai ba zai ɓoye aibin ba. Fito da shi zai yi fili, tunda yanzu ɗigon ya ninka. Abin da ya sami The Fifth Element ke nan. Sai da Sony ta sake aikin daga tushe ta fitar da sabon bugu a 2007, ta kuma ba waɗanda suka sayi na farko damar musanyawa.

Na huɗu, ita kanta na'urar. An gano cewa a cikin Samsung ɗin nan an bar wata matatar rage tsakin hoto a kunne, tana laushe komai. Daga baya aka fitar da gyara. Amma kun san yadda kasuwa take, sunan da aka fara yi maka shi ke bin ka.

Zuwa 2007 masu Blu-ray sun gyara. Faifai mai gigabait 50 ya wadata, an koma wa AVC da VC-1, finafinai irin su Casino Royale suka fito da hoton da kowa ya sara masa. Blu-ray yana iya zuba wa hoto har megabit 40 a daƙiƙa, HD DVD kuwa bai kai 30 ba, DVD ma bai cika 10 ba. Wannan fifiko ne na gaske, musamman ga dogon fim. Amma ga hujja mafi ƙarfi a duk labarin nan: kamfanin Warner, wanda yake fitar da finafinansa a tsarin biyu, sau da yawa matsewa guda yake yi ya zuba ta a faifan nan da wancan. Hoton iri ɗaya ne, ɗigo da ɗigo. Mutane suna ta musu a kan wanne ya fi kyau, alhali abu guda suke kallo a cikin kwali biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi.

Akwai kuma ɓarnar da hannun mutum ya yi, wadda ba ruwan faifai da ita. Zaren fim na sinima yana da wani tsaki-tsaki na halitta, kamar rairayi, kuma a cikin wannan tsakin ne ƙananan bayanai suke, irin su gashin gira da saƙar tufa. Wasu kamfanoni suka ɗauka mai saye zai ga tsakin a matsayin datti, sai suka goge shi da kwamfuta. Bugun Patton na 2008 da na Predator na 2010 sun yi suna a wannan: fuskokin ƴan wasa suka koma sumul kamar an ƙera su da kakin zuma. Faifan yana da wuri, ɗigon ya cika 2,073,600, amma abin da ya kamata a gani an share shi.

Sai talabijin ɗin gida. Yawancin masu faɗi da ake sayarwa a 2006 layi 720 ko 768 gare su, ba su kai 1080 ba. Wanda kuma ya haɗa na'urarsa da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba zai ga HD ba ko da wane faifai ya sa, sai da waya irin ta HDMI. Nisa ma yana da nasa. A talabijin mai inci 40, sai ka zauna wajen mita ɗaya da rabi kafin idonka ya ci moriyar dukkan ɗigon. Daga can ƙarshen falo, DVD mai kyau da Blu-ray ba su da wata tazara mai yawa. Wannan ne ya sa mutane da dama suka ce DVD ya ishe su.

Abin da ya raba gardama

Abu biyu suka yanke hukunci: wa ke da finafinai, kuma na'urar wa ta fi shiga gidaje. A ɓangaren finafinai Sony tana da kamfanin fim nata na kanta, Columbia, ga Disney da Fox da MGM da Lionsgate a bayanta. HD DVD yana da Universal shi kaɗai. Warner da Paramount suna raba ƙafa. Abin da ya ja wasu zuwa Blu-ray har da tsoron masu satar fasaha. Dukkan tsarin biyu suna da makulli mai suna AACS, wanda aka fara fasawa tun Disamban 2006, amma Blu-ray ya ƙara wani na biyu, BD+, wanda Fox ta nace a kai. Ya kuma raba duniya shiyya uku, yadda faifan da aka kulle wa wata shiyya ba zai yi a na'urar wata ba. Afirka tana shiyya ta B tare da Turai, Indiya kuwa tana C. HD DVD bai da wannan shinge. Kun ga a nan abin da ya yi wa mai kallo daɗi shi ne bai yi wa mai fim daɗi ba.

A ɓangaren na'ura kuwa, Sony ta yi caca babba. Ta sa idon Blu-ray a cikin kowace PlayStation 3, wadda ta fito a Nuwamban 2006 a kan dala 499 da 599, tana sayar da ita ƙasa da kuɗin ƙera ta. Ƙarancin shuɗin leza ma ya sa Turai ba ta samu ba sai Maris na 2007. Amma duk yaron da ya sayi na'urar wasa, ya shigar da Blu-ray gidansu ke nan, miliyoyin gidaje. Microsoft ba ta yi haka da Xbox 360 ba. Sai dai ta sayar da wani akwati daban na HD DVD a kan dala 199, wanda ake jonawa, kuma kaɗan ne suka saya. A cikin 2007, a Amurka, ana sayar da faifan Blu-ray kusan biyu kafin a sayar da HD DVD ɗaya. A watan Yuni babban kamfanin hayar finafinai na Blockbuster ya zaɓi Blu-ray a shagunansa da dama.

Toshiba ba ta zauna ba. A watan Agusta Paramount da DreamWorks Animation suka koma HD DVD kacokan, jaridun Amurka kuma suka ruwaito cewa an yi musu alkawarin tallafi na kimanin dala miliyan 150. A watan Nuwamba aka yi gwanjon wata na'urar Toshiba a kan dala 99. LG da Samsung suka fito da na'urori masu cin fayafayan biyu, amma tsada ta hana su tafiya. Mafi yawan jama'a suka naɗe hannu suna jira, suna tuna waɗanda suka sayi Betamax.

Wannan jiran shi ya dami Warner, wanda ya fi kowa yawan finafinai a kasuwar faifai, domin har cinikin DVD ya fara ja da baya. Ran 4 ga Janairun 2008, ana gab da buɗe babban bajekolin kayan lantarki na Las Vegas, Warner ya sanar cewa ya zaɓi Blu-ray. Masu HD DVD suka soke taron manema labaran da suka shirya. Ran 11 ga Fabrairu Netflix da Best Buy suka juya baya, ran 15 Walmart ya bi. Ran 19 ga Fabrairun 2008 shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban manema labarai a Tokyo ya ce sun daina. An ƙiyasta asarar kamfanin a kusan dala biliyan ɗaya. Kafin ƙarshen 2009 Toshiba da kanta ta fara sayar da na'urar Blu-ray.

Wa ya biya kuɗin?

Mai saye. Best Buy ya ba waɗanda suka sayi na'urar HD DVD katin sayayya na dala 50, Warner kuma ya buɗe hanyar musanya faifai da na Blu-ray a kan ɗan kuɗi kaɗan a 2009. Amma wanda ya biya 499 ya san 50 ba ta share hawaye. Su ma waɗanda suka yi gaggawar sayen Blu-ray ba su tsira duka ba, domin an fitar da tsarin kafin a gama shi, na'urorin farko ba sa iya wasu abubuwa da aka ƙara daga baya.

Shi ma mai nasara bai daɗe yana murna ba. A Janairun 2007, ana tsakiyar kokawa, Netflix ya fara tura finafinai ta intanet. Hotonsu a lokacin bai ko kusa da na faifai ba, amma ba sai ka fita daga gida ba. Blu-ray bai taɓa kai matsayin da DVD ya kai ba. An fitar da wani sabonsa mai ninkin ɗigo huɗu a 2016, amma ya zama kayan masu sha'awa. A farkon 2024 Best Buy ɗin da ya taimaka wajen kayar da HD DVD ya daina sayar da fayafayan fim gaba ɗaya.

A nan wajenmu wannan kokawa ta wuce ta sama. Lokacin da ake yin ta, sidi ne ke mulki a shagunan finafinai daga Kano har Maraɗi, DVD yana shigowa, daga nan kuma muka tsallaka zuwa mimori da masu turi da salula. Amma darasinta ya same mu har gida. Kun tuna fayafayan nan masu fim ashirin a ciki? Ku raba gigabait 8.5 gida ashirin, kowane fim bai samu rabin gigabait ba, alhali fim a sidi biyu ya haura gigabait ɗaya. Shi ya sa fuskoki suke farfashewa da zarar an fara faɗa, ko me aka rubuta a bayan kwalin. Haka yau idan mai turi ya ce muku fim ɗin HD ne, ku tambayi nauyinsa, ku kuma tambayi daga ina aka kwafo shi.

Batun asali kuwa ya fi shafar masu shirya finafinanmu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, wata cibiya a Balin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin ya yiwu ne saboda asalin ya tsira, kuma zaren sinima yana riƙe da bayanan da na'urar zamani za ta iya fitarwa. Finafinan bidiyo na Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990 ba su da wannan gata. A kaset aka ɗauke su, kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinsa, kuma kowane kwafi ya fi wanda aka kwafo shi rauni. Wanda duk yake da asalin kaset na wani tsohon fim, ko na wasan kwaikwayo, ko na wani biki na gari, ya nemi a juye shi zuwa kwamfuta tun yana karantuwa, a nauyi mafi girma da za a iya, a ajiye a wuri biyu. Masu ɗaukar fim a yau su ma su riƙe asalin abin da kyamara ta ɗauka, kada su dogara da ɗan ƙaramin kwafin da aka matse don salula.

A nan za mu dasa aya. Masu gyaran rediyo da talabijin, da tsofaffin masu shagon kaset, idan akwai wanda HD DVD ya taɓa faɗowa hannunsa cikin kayan gwanjo, muna son jin labarin, za mu karanta a fili na gaba.